Shin Duk Mai Neman Hujja Ɗan Boko Aƙida Ne? Fashin Baƙi Kan Ilmaniyya, Hankali da Kirki

Idan yaro ya ji magana ya ce "mece ce hujja?", ya kama hanyar barin addini ke nan? Wanda ya ce gwamnati ta tsaya kan aikin gwamnati ta bar wa malamai malanta, shi da wanda ya ce babu Allah magana ɗaya suke yi? Mutumin da bai yarda da lahira ba, zai iya riƙe amana? Da can sai a jami'a ake jin irin waɗannan tambayoyi. Yanzu sun iso teburin mai shayi a ƙauyukan Kano da Jigawa, cikin wayar da ake kai wa caji shagon mai sola.

Ni a gida abin ya same ni. A daminar 2022, shekarar da ruwa ya ci Ringim da Auyo da Kafin Hausa da ƙasar Haɗejiya, ƙauyenmu ma bai tsira ba. Shinkafa ta nutse tana gab da fitar da kai, katangun ƙasa suka yi ta zubewa cikin dare. Muna zaune a ƙofar gidan mai unguwa ana jajanta wa juna, sai wani dattijo ya ce zunubanmu ne suka jawo wannan ruwa. Ɗan yayana, mai karatu a Dutse, yana durƙushe a bakin tabarma, ya ce: "Baba, Allah Ya yafe mana. Amma ciyawar kachalla ta toshe hanyar ruwan nan shekara da shekaru. In ba a yashe ba, baɗi ma haka za a yi." Dattijon ya dube shi ya ce: "Yaro, ka fi Allah sanin dalili ne?" Kafin a kira isha'i labari ya zaga gari cewa yaron ya zama ɗan boko aƙida. Mahaifiyarsa ta kwana kuka. Wannan yaro yana da shekara goma sha biyar ya sauke Alƙur'ani, ranar ma a sahun gaba ya yi asuba.

Ni Musulmi ne, a kan haka nake roƙon Allah Ya cika min. Amma tun daga ranar nake son in zauna in warware wannan zare, domin kuɗin goron da muke yi wa abubuwa daban-daban yana cutar da mu fiye da yadda muke zato.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Ilmaniyya, yadda malamai ke kiranta a wa'azi, ra'ayi ne na siyasa. Tana cewa kada gwamnati ta ɗauki wani addini ta mai da shi nata, kada kuma ta hukunta mutum ko ta fifita shi saboda abin da yake bauta wa. Mai wannan ra'ayi zai iya zama liman, zai iya zama fasto, zai iya zama marar addini. Maganarsa a kan kujerar mulki take.

Aƙlaniyya kuwa hanya ce ta auna magana. Mai ita yana cewa kowane iƙirari sai an ɗora shi a sikelin hankali da shaida kafin a karɓa. Su ma hawa-hawa ne. Akwai wanda ya tsaya kan al'amuran duniya, cuta da magani da damina da kasuwa. Akwai wanda ya shiga da sikelinsa har cikin nassi, ya ce duk abin da hankalinsa bai ɗauka ba ya ajiye shi. Na farko da na biyu akwai tafiya mai nisa tsakaninsu.

Ilhadi shi ne musun samuwar Allah ɗungurungum, mai shi ake kira mulhidi. Kusa da shi akwai masu cewa su ba su sani ba, ko akwai ko babu, hankali ba zai iya yankewa ba. Akwai kuma masu kiran kansu 'yan aƙidar mutuntaka, waɗanda ke cewa jin daɗin ɗan Adam da rage masa wahala shi ne ma'aunin alheri, babu buƙatar wahayi.

"Boko aƙida" ita ba mazhaba ba ce, babu littafinta, babu shehinta. Laƙabi ne da ya yi ƙarfi a Facebook, asalinsa ana nufin wanda ilimin boko ya zame masa abin bi sama da addini. Yau ya koma jifa a kasuwa. Ana liƙa shi ga mulhidi, ana liƙa shi ga ma'aikaciyar asibitin da ta ce a kai mai naƙuda awo, ana liƙa shi ga yaron da ya ambaci kachalla.

Inda ilmaniyya ta fito, da dalilin da mutanenmu ke ƙyamarta

Ciwon Turai ne ya haife ta. Katolika da masu bore wa cocin Roma sun shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, suna yaƙin da ya cinye miliyoyin rayuka a ƙasar Jamus da kewayenta. A 1633 kotun coci ta gurfanar da Galileo don ya ce duniya ce ke zagaya rana. Daga irin waɗannan ne masanansu suka fara cewa a raba fada da coci ko a samu lafiya. Amurka ta rubuta a 1791 cewa majalisarta ba za ta kafa addinin gwamnati ba. Kalmar kanta wani Baturen Ingila, George Holyoake, ya ƙirƙiro ta a 1851. Faransa ta yi dokar raba coci da gwamnati a 1905.

To amma da wace fuska ta zo wa Musulmi? A Turkiyya, Mustafa Kamal ya rushe halifanci a 1924, aka sauya rubutun Larabci da na boko a 1928, har aka yi shekaru ana kiran salla da Turkanci bisa tilas. Faransar da ke wa'azin 'yanci ita ce ta yi shekara 132 tana danne Aljeriya, ita ce kuma ta hana 'yan mata sa hijabi a makarantun gwamnati a 2004. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Idan dattijon ƙauye ya ji kalmar ya ɓata rai, ni ba na ganin jahilci ne. Yana da tarihin da ya dogara da shi, ko da bai san shekarun ba.

Sai dai ba a taru an zama ɗaya ba. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda muke haɗuwa da su kowace Alhamis a kasuwar Maigatari, kusan dukkansu Musulmi ne, amma kundin tsarin mulkinsu na 2010, wanda sojoji suka dakatar a 2023, ya rubuta raba addini da gwamnati ƙarara. Senegal, ƙasar Shehu Ibrahim Inyass, ita ma haka. Babu wanda zai ce an daina salla a Damagaram ko Kaulaha.

Najeriya fa, wace iri ce?

Nan ma ana yawan musu ba tare da an buɗe kundin ba. Sashe na 10 na kundin 1999 ya ce gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin gwamnati ba. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, har da 'yancin sauya shi. Amma kundin bai kira Najeriya da sunan ƙasar ilmaniyya ba, kuma shi ɗin dai ya ba jihohi damar kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci. Gwamnati na da hukumar alhazai, tana da ta masu ziyarar Kirista, tana ba da hutun salla da na Kirsimeti. Shi ya sa wasu lauyoyi ke cewa ƙasa ce mai addinai da yawa, wasu na cewa a'a, sashe na 10 ya gama magana.

Rigimar tsohuwa ce. A 1978 wakilan Musulmi sun fice daga majalisar tsara kundin mulki kan batun kotun shari'a ta tarayya. A 1986 ƙasa ta ɗauki zafi da aka ji gwamnatin Babangida ta shigar da Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi. A Oktoban 1999 Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Zamfara, Kano da Jigawa suka bi a 2000, har jihohi suka kai 12.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. A Yunin 2022 kotun ƙoli ta yanke cewa ɗalibai mata Musulmi na da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Da me ta kafa hujja? Da sashe na 38, wanda a nan Arewa wasu ke kira sashen kafirci. Rumfar da ta yi wa marar addini inuwa a Kano, ita ce ta yi wa 'yarmu inuwa a Legas, ita ce ke kare masallacin 'yan kasuwarmu a Fatakwal da Anaca. Duk mai son a rushe ta, ya fara tuna 'yan uwansa da ke ci-rani a Kudu.

Hankali ba baƙo ba ne a zauren malam

Wannan ne wurin da ya fi ci min rai, domin mun manta gadonmu. Duk wanda ya zauna a zaure ya ɗauki karatun tauhidi a hannun malaman da, ya san Ummul Barahin ta Imam Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490. Bayan yabo da salati, littafin da hukuncin hankali ya buɗe: akwai abin da hankali ke wajabtawa, akwai wanda yake korewa, akwai wanda yake halattawa. Daga nan ne ake gina hujjar samuwar Allah. Na tuna malaminmu, Allah Ya jiƙansa, yana zaune kan buzu, ya nuna randar da ke kusurwar zaure ya ce: "Ɗana, wannan ita ta gina kanta?" Na ce a'a, Allah gafarta Malam. Ya ce: "To riƙe wannan, da shi za mu hau." Bai ce min in yi shiru ba. Tambaya ya koya min.

Muhawarar ta girmi Turawan da ake jingina ta gare su. Mu'utazilawa, almajiran Wasil ɗan Aɗa'u na Basra, sun ce hankali shi kaɗai na iya gane kyakkyawa da mummuna tun kafin wahayi ya sauka. Imam Ash'ari, wanda ya tashi a cikinsu sannan ya bar su, ya ce a'a, shari'a ce ke sa abu ya zama wajibi ko haram. Maturidawa suka tsaya tsakiya. Ibn Taimiyya, wanda 'yan Izala ke girmamawa, ya ce hankali na gane munin zalunci da kyan adalci, sai dai azaba ba ta tabbata sai manzo ya zo. Imam Gazali, da ya rasu a 1111, ya yi wa masana falsafa raddi mai zafi, Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani. Ibn Rushd ɗin nan alƙalin Malikiyya ne, mazhabarmu, har gobe ana karanta littafinsa na fiƙihu a Kano. Shi ne ya ce gaskiya ba ta karo da gaskiya.

Amma kada masu taƙama da hankali su yi saurin murna. Ranar da Mu'utazilawa suka samu kunnen Halifa Ma'amun, a shekarar 833, sai aka fara titsiye malamai kan ra'ayinsu, Imam Ahmad ɗan Hambali ya sha ɗauri da bulala. A nan ƙasar Hausa ma, zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, an yi wasu ɗaliban ilmin kalam da ke tare talaka su tambaye shi hujjojin tauhidi dalla-dalla, in ya kasa su ce kafiri ne, ba a cin yankansa. Shehu ya rubuta littattafai da dama yana yaƙar wannan, yana kare imanin manomi da makiyayi. Wato hankali ma, in ya haɗu da girman kai ko da mulki, sanda yake zama. Ina ganin ragowar wannan hali a wasu samarinmu da suka yi digiri, masu yi wa iyayensu kallon gidadawa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978, wa'azinta ya ratsa ƙauyuka yana koya wa matashi ya ce wa malami "kawo aya, kawo hadisi", yana yaƙar tsubbu da duba da camfi. Ko mutum yana tare da su ko ba ya tare da su, sun saba wa yaran karkara da neman hujja. Bakin da ya koyi tambayar mai carbi, wata rana zai tambayi mai mumbari.

Kirki ba tare da addini ba: abin da kowane ɓangare ke cewa

A nan ne gardamar ta fi zurfi, kuma adalci shi ne a faɗi hujjar mutum yadda shi zai faɗe ta.

Masu aƙlaniyya na farawa da tambayar da Aflaɗon, masanin falsafar Girka, ya sa a bakin malaminsa Suƙuraɗu wajen shekara 400 kafin Annabi Isa: abu yana da kyau ne don abin bauta ya yi umarni da shi, ko ya yi umarnin ne don abin mai kyau ne? Suka ce in na biyu ne, to kyan yana nan, hankali zai iya kai wa gare shi. Suka ƙara da cewa babu al'ummar da ta taɓa ɗaukar cin amanar maƙwabci abin yabo, ko ta san littafi ko ba ta sani ba, domin zaman tare ba ya yiwuwa sai da gaskiya da tausayi. Kant na Jamus ya ce ka aikata abin da za ka yarda kowa ya aikata. Mill na Ingila ya ce a duba abin da aiki ke haifarwa na daɗi ko wahala ga jama'a. Sannan su kawo misalin da ke mana ciwo: a jadawalin cin hanci na ƙungiyar Transparency International na 2024, Denmark, inda coci ba ta cika ba, ita ce ta fi tsabta, Najeriya mai masallaci da coci a kowane lungu tana ta 140 cikin 180.

Ba ma sai an je Turai ba. Kakana ya sha ba mu labarin wani Bamaguje maƙwabcin gonarsu. Shekarar da ya tafi aikin hajji ta ƙasa, wurinsa ya bar shanunsa biyu da rumbun gero. Ya dawo bayan shekaru ya tarar shanun sun hayayyafa, mutumin ya kirga masa su ɗaya bayan ɗaya, har da kuɗin wanda ya karye aka yanka. Dattawa da yawa a ƙasar Kano suna da irin wannan labari. Sai dai a lura, Maguzawa ba mulhidai ba ne. Sun san Allah, suna tsoron iskoki, suna tsoron rantsuwa. Misalinsu yana nuna kirki na samuwa a wajen Musulunci, bai nuna yana samuwa babu tsoron komai ba.

Me masu addini ke cewa? Da farko, Musulunci bai taɓa musun cewa wanda ba Musulmi ba zai iya yin halin kirki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce an aiko shi ne don ya cika kyawawan ɗabi'u, kuma abin da ake cikawa akwai shi tun farko. Ya yabi ƙawancen Fuduli da Ƙuraishawa suka ƙulla kafin annabci don kare wanda aka zalunta. Malamai na kiran wannan fiɗira. Don haka mai wa'azin da ke cewa duk marar salla ɓarawo ne, ya faɗi abin da littafi bai faɗa ba.

Tambayar gaske ita ce: me zai ɗaure mutum ranar da gaskiya za ta ci masa dukiya, ba mai ganinsa, ba mai kama shi? Kuma hankalin wa za a bi in hankula suka saɓa? Masu ilimi ne suka tsara mulkin mallaka suka ba shi hujja. Gwamnatin Stalin ta Tarayyar Sobiyat da ta rufe masallatai da coci-coci ta kashe miliyoyi. Albaniya ta ayyana kanta ƙasa marar addini a 1967, ba ta zama aljanna ba. David Hume, masanin falsafa wanda shi kansa mai shakka ne, ya lura cewa daga "haka abu yake" ba a tsallakawa kai tsaye zuwa "haka ya kamata a yi". Masu aƙlaniyya sukan mayar da martani cewa an yi cinikin bayi da yaƙe-yaƙe da sunan addini ma, kuma Boko Haram ba da sunan falsafa ta ƙone garuruwa ba. Wannan ma gaskiya ce, ba za mu rufe ido a kanta ba.

Ni inda na tsaya, hankali fitila ne mai haske, amma na ga yadda son rai ke karkata shi, nawa ma, shi ya sa nake buƙatar abin da ya fi ni. Batun Denmark kuwa, na fi ganin kotu mai aiki da albashi mai isa da tabbacin cewa ɓarawo zai sha hukunci a cikinsa. Duk da haka kunya ba ta bar ni ba. Ka shiga kasuwar hatsi ka ga tiyar da aka bubbuge gindinta, ka ga buhun da aka sa mai kyau a sama, tsakuwa a ƙasa, ka ga barkono da aka yi wa algus, alhali in an kira azahar duk rumfunan sai su koma masallaci. Suratu Muɗaffifina muka haddace tun muna yara. Yaron da ya ga wannan ya fara shakka, ba Kant ne ya ɓata shi ba.

Me ya sa maganar ta iso ƙauye yanzu

Waya ce ta farko. Yaron da bai taɓa wuce Gujungu ba yana sauraron muhawarar Misira da ta Landan a TikTok. Na biyu, faɗan malamai a bainar jama'a, wannan ya kafirta wancan, wancan ya tona asirin wannan, yaro na kallo yana tambayar kansa wa zai bi. Na uku, siyasa. An yi wa talaka alƙawarin cewa da shari'a za a samu adalci, shekara ashirin da ɗoriya ke nan yana ganin ana kama mai ƙaramin laifi, mai satar kuɗin asibiti yana sahun gaba ranar idi. Kowane zaɓe kuma sai a raba wa wasu malamai motoci.

Sai shari'o'in da suka yi amo. Mubarak Bala, ɗan Kano, shugaban ƙungiyar 'yan aƙidar mutuntaka ta Najeriya a lokacin, an kama shi a Kaduna a Afrilun 2020 kan rubuce-rubucensa na Facebook, babbar kotun Kano ta ɗaure shi shekara 24 a 2022 bayan ya amsa laifi, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar a 2024. Yahaya Sharif-Aminu, kotun shari'a ta yanke masa kisa a 2020 kan wata waƙa, daga baya aka ce a sake shari'ar. A Afrilun 2025 kotun ECOWAS ta ce dokokin ɓatanci na Kano sun saɓa wa yarjejeniyoyin haƙƙin ɗan Adam da Najeriya ta sa wa hannu. Masu kare dokokin na cewa in babu su jama'a za su ɗauki doka a hannu. Masu suka na cewa da dokokin ma an kashe Deborah Samuel a Sakkwato a Mayun 2022 ba tare da alƙali ya ji ta bakinta ba.

Zagin Annabi yana ƙona min zuciya kamar kowane Musulmi, kuma wanda ya yi shi da sunan wayewa bai san mutanen da yake zaune cikinsu ba. Amma zagi daban, tambaya daban, kuma taron jama'a da duwatsu ba kotu ba ne a kowace mazhaba.

Abin da ya shafi talaka

Wanda ke biyan kuɗin wannan ruɗani ba ɗan jami'a ba ne. Yarinya ce mai farfaɗiya da ake ta yi wa hayaƙi ana dukan aljani, har ranar da ta faɗa murhu, alhali akwai ƙwayar da ke rage faɗuwar. Tsohuwa ce da ta rikice don tsufa, jikan maƙwabta ya yi zazzaɓi ya ambaci sunanta cikin magagi, aka ce mayya ce, aka sa ta tsallaka shi a gaban jama'a. Duk wanda ya ce a kai yaron a gwada jininsa, sai a ce bai yarda da gaibu ba.

A tuna rigakafin shan inna. Kano ta dakatar da shi daga 2003 zuwa Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama har Indonisiya, yara suka shanye. Amma tsoron mutane ruwa ne da bai yi tsami banza ba: a 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara wajen 200 lokacin sanƙarau a Kano, 11 suka rasu. Abin da ya warware matsalar shi ne gwaji, da kawo allurar daga ƙasar Musulmi, da shigowar sarakuna da malamai, har aka ayyana Afirka ta rabu da cutar ta daji a Agustan 2020. Hujja da amana ne suka yi aiki tare.

A tuna Majiya, a ƙaramar hukumar Taura, daren 15 ga Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi, mutane suka taru kwasa, wuta ta tashi ta ci fiye da rai 150. Ƙaddara ce, mun yi imani, Allah Ya jiƙansu. Amma akwai tambayar lafiyar motar, da ta hanya, da ta talaucin da ya sa magidanci ya ruga da bokiti cikin dare, da ta asibitin da zai karɓi ƙonannu. Idan "ƙaddara" ta zama murfin rufe waɗannan tambayoyi, mai riƙe da kujera ne ya ci riba. Sayyidina Umar da ya juya daga Sham saboda annoba aka ce yana gudun ƙaddara, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Annabi ya ce wa manoman dabinon Madina su ne suka fi sanin al'amarin duniyarsu, kuma duk mai barbarar dabino a Dutse ya san abin da ake nufi. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce don shi ne, ya hau mumbari ya ce rana da wata ba sa husufi don mutuwar kowa.

Batun kachalla ma ba asiri ba ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma gudana a kogin Haɗejiya rani da damina, ciyawar ta samu wurin zama ta cike hanyoyin ruwa. Faɗin wannan bai hana mutum tuba daga zunubinsa ba.

Na je na samu limaminmu bayan abin da ya faru, na ce: "Allah gafarta Malam, yaran nan suna da tambayoyi, in ba mu buɗe musu zaure ba wasu za su buɗe musu." Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma akwai waɗanda ba shi da amsarsu, amma a turo su. Mutum uku suka fara zuwa bayan la'asar. Ɗan yayana bai je ba. Da aka fita aikin gayya na yankan kachalla yana cikin ruwa har ƙugu da laujensa, amma ya daina buɗe baki a majalisa, sai dai in gan shi da dare a bakin shagon caji, fuskarsa cikin hasken waya. Na tambaye shi da wa yake hira haka. Ya ce: "Baffa, su a can ko ba su ba ni amsa ba, ba sa kai ƙarata wurin Inna."